Goron da Inna Ta Aika Kwaleji

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, sai iyaye mata su fara turo mini 'ya'yansu. Wai in ba su shawara a kan ƙaramar kwalejin nan da na yi, tunda jami'a ba ta samu ba. Sukan shigo da fuska a murtuke, kamar waɗanda aka yi wa dole. Ni kuwa ban iya lallashi ba. Nakan ba su ruwa, in ce su zauna, sannan in ce abu na farko shi ne duk abin da ya same su, ciwo ne, rasuwa ce, tafiya ce, su rubuta a takarda su kai ofis, su sa a buga musu hatimi a kwafin da za su riƙe. Sai su dube ni, wai shawarar ke nan. Ita ce mana. Ni na san inda na samo ta.

A Sabo aka haife ni, unguwar Hausawa a nan Ibadan, a nan kuma aka haifi mahaifina. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna. A gidajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Ni abin ya zo mini biyu, domin sunan kakata, uwar mahaifina, aka sa mini. Saboda haka babu mai faɗinsa a gidan, sai wani laƙabi da aka liƙa mini tun ina goye. Inna kuwa ko laƙabin ba ta taɓawa. «Ke» nake a wurinta, ko «yarinyar nan», idan kuma na ɓata mata rai in koma «waccan». Idan maganar ta yi tsawo sai ta bi da ita ta bakin Gwaggo, yayar mahaifina da ke zaune tare da mu tun bayan rasuwar mijinta. Ina zaune a gabanta za ta ce, «Gwaggo, ce mata ta rufe tukunyar nan.»

Ina ƙarama abin ya ci mini rai ƙwarai. Akwai ranar da na rantse ba zan amsa ba sai ta kira sunana. Ta ce «ke» sau uku, na yi kunnen uwar shegu. Sai ta kira ƙanwata da sunanta raɗau, ta ce ta zo ta kira mata ni. Na sha kuka a bayan randa, ba wanda ya tambaye ni dalili.

Sana'ar Inna alkaki da nakiya. Daga cikin gida take yi, ba ta fita sai biki ko rasuwa. Matan Yarbawa daga unguwar Mokola sukan zo saye, a bakin ƙofa ta koyi yarensu, irin na ciniki da gaisuwa. Mu da muka yi makaranta da 'ya'yansu mukan yi mata dariya idan tana karya harshe, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

Na gama sakandare a tsakiyar shekarun tamanin, na auri wanda nake so, mai harkar albasa a Kasuwar Bodija. Na yi shekaru a gida ina taya Inna murza alkaki, amma raina yana wurin koyarwa. Sai na ji labarin wata 'yar kwaleji ta horar da malamai, mota ɗaya daga Mokola. Ba ɗakin kwana, ba katanga mai tsawo, je-ka-ka-dawo ce. Ana shiga aji bayan azahar a tashi kafin magariba, ran Asabar kuma tun safe. Mai gidana bai ƙi ba, amma yayyensa sun taso shi gaba, wai matar aure a aji ɗaya da maza, wai kuma wannan ai ba makaranta ba ce, wurin taruwar waɗanda suka faɗi ne. Inna ce ta aika Gwaggo wurinsu ta ce ita ta tsaya mini. Ban san ta yi haka ba sai daga baya. Mai gidana ya zaunar da ni ya ce, «Na amince da shekara uku. Idan ya tafi daidai, alhamdulillahi. Idan ya watse a hanya, kada ki ce in sake shiga tsakaninki da su.» Na ce na ji. Ba mugunta ya yi ba, iyakar abin da zai iya ke nan.

Gaskiya ni ma da raini na shiga. Ina taƙama sakamakona mai kyau ne, jami'a ce ta dace da ni, ƙaddara ce kawai ta jefo ni nan. Na tarar da tela a ajinmu, da mai sayar da atamfa, da wata mai 'ya'ya biyar, da wani dattijo mai furfura wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Na ce a raina, to, su wa zan yi gasa da su a nan. Gwajin farko dattijon nan ya wuce ni fintinkau, ya kuma kira ni gefe ya nuna mini inda na kuskure, a hankali, ba tare da kowa ya ji ba. Daga ranar na sauke hancina. Wannan ma nakan gaya wa yaran da ke zuwa wurina, cewa mutanen da za su tarar a irin wannan makaranta sun baro shago ne da ɗinki da goyo suka zo, ba su zo wasa ba. Malaman ma sun san mu ɗaya bayan ɗaya, idan ba ka zo ba sai an tambaya.

Akwai wani allon sanarwa a gindin bishiyar mangwaro, daidai ƙofar ofis. Kullum ta gabansa nake wucewa, ban taɓa tsayawa na karanta shi daga sama har ƙasa ba. A Sabo ba a manna magana a bango. Idan abu ya shafe ka za a aiko har gida a gaya maka, idan ba a aiko ba, bai shafe ka ba. Da wannan tunani na shiga kwaleji, ina jiran wani ya zo ya taɓa kafaɗata.

A cikin ofishin kuma akwai sakatariya, wata Bayarbiya mai tabarau da igiya a wuya. Kowa Mama yake ce mata. Tana da keken rubutu a gabanta da wani ƙaton littafi mai baƙin bango, duk abin da ya shigo ofishin nan sai ta rubuta shi a ciki, ko da tsintsiya ce aka kawo. Tun zangon farko muka saɓa. Na shiga da sauri na miƙa mata fom da hannu ɗaya, ta ce in fita in sake shigowa kamar wadda ta taso a gaban manya. Na fita, na sake shigowa, na gaishe ta ina cika ina batsewa. Tun daga nan ba na ko son hango tabaraunta.

A shekara ta biyu na samu ciki, bayan an daɗe ana jira. Na ci gaba da zuwa aji har wata na tara, mai 'ya'ya biyar ɗin nan tana ajiye mini kujerar bakin taga. Na haihu saura kamar mako uku a fara jarrabawar ƙarshen zango. Haihuwar fari ce, saboda haka gida aka ɗauke ni wankan jego. Kwana arba'in ba fita, ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa har sai ka ji ba ka son ganin ludayi. Maganar zuwa jarrabawa ma ba ta taso ba.

Kwana biyu da haihuwa na ce ya kamata a sanar da makaranta. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, «Gwaggo, ce mata ta kwantar da hankalinta, za a aika.» Ta kuwa aika yadda ta san ana aike. Ta sa aka zaɓo mata goro fari manya daga wurin masu goro na bakin masallaci, ta wanke da hannunta, ta jera a ganye, ta haɗa da alewa da alkakinta mafi kyau, ta zuba a sabuwar samira ta ɗaure da ƙyalle. Irin wannan aike ake yi wa surukai da malamin unguwa. A wurinmu idan goro ya shiga gidanka an gama gaya maka, ba ka da bakin cewa ba ka sani ba. Gwaggo ta yafa mayafi ta hau tasi. Da ta dawo ta ce an karɓa, an yi addu'a, mai tabarau har ta rubuta a littafi.

Na ji daɗi wallahi. Na ce ashe Inna ta ɗauki karatuna da girma haka. Ni da na yi shekara biyar a sakandare ana koya mini rubuta wasiƙa, biro da takarda suna cikin jakata a rataye a ƙusa, ban ɗauko ba. Na juya na ci gaba da kallon ɗana.

Kashegarin arba'in na yi kwalliya na tafi kwaleji, ina shirin a yi mini barka a kuma gaya mini ranar da zan rubuta tawa jarrabawar. Na tarar da mutane a gindin mangwaro, an manna sunayen waɗanda za su wuce zango na gaba. Na bi da yatsa har ƙasa, na sake bi. Babu ni. A gefe akwai wata gajeriyar takarda ta waɗanda aka sallama, a nan na ga sunana. Dattijon jirgin ƙasa ne ya kama hannun rigata ya nuna mini wata tsohuwar sanarwa a kusurwar allon, rana ta kore launinta. Duk ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba, kuma bai sanar a rubuce kafin ranar ba, an ɗauka ya bar makaranta. Ya ce tun zangonmu na farko take nan.

Na faɗa ofis ko sallama babu. Na ce wa Mama mun aiko, tun daga gida aka taso tsohuwa ta kawo goro. Ta cire tabarau ta ce goro ba ya shiga fayil. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, ban bari ba. Na zazzaga mata da Yarbanci, na ƙara da Turanci, na ce sun ci goron mutane sun goge baki. Ta nuna mini ƙofa da biro. Na fito ina tuna maganar mai gidana. Shekara biyu na hawa mota, har da tsohon ciki, ga shi ya watse a hanya, kuma na san ba a sakewa.

A gida na tsare Gwaggo na ce ta faɗa mini daidai abin da ta ce a ofishin. Ta ce ta gaya musu 'yarsu ta Sabo ta sauka lafiya. Na ce da suka tambayi suna fa. Ta ce ta ba su laƙabina mana, ko so nake ta kama sunan uwarta a gaban baƙi. Ta ƙara da cewa ai Inna ma cewa ta yi a ce musu yarinyar nan, za su gane. Mu 'yan Sabo a kwalejin mun kai goma, ɗalibai kuwa ɗaruruwa. Laƙabina ba ya cikin takarda ko ɗaya a duniya.

A nan ne na yi abin da har yau idan na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Na juya wurin Inna, tana zaune a kan kujerar tsuguno tana murza alkaki. Na ce goronta ne ya kashe mini karatu. Na ce shekara ashirin da wani abu ina jiran ta kira sunana ba ta kira ba, na haƙura, yanzu kunyar tata ta bi ni har makaranta ta cinye ni. Na ce da ƙanwata ce da an san sunan da za a faɗa. Gwaggo ta yi salati ta ce in rufe bakina. Hannun Inna ne kawai ya tsaya a kan faifan, ya daɗe a tsaye, sannan ta ci gaba da murzawa.

Kashegari bayan azahar na fito na same ta ta yi wanka, ta sa zaninta na zuwa biki, ta yafa babban mayafi. Ta riga ta nemi izini wurin Baba tun bayan asuba. Ta ce, «Gwaggo, ce mata ta goya yaron, mu je.» Na ce ina. Sai ta nufi zaure. Muka taka har bakin titi muka hau tasi. A cikin motar ta ƙanƙame bakin mayafinta da hannu biyu, duk lokacin da direba ya taka birki sai in ji tana ambaton Allah ƙasa-ƙasa. Iyakar sanina ba ta taɓa bin wannan hanya ba.

Da muka shiga ofis Mama ta ɗago ta gan ni, fuskarta ta canza. Ni kuma bakina bai daddara ba, na fara da cewa ga wadda ta aiko goron nan, tunda an ce ƙarya nake. Mama ta ce in fita waje, za ta saurari dattijuwa ita kaɗai. Na dubi Inna, ta yi mini nuni da haɓa. Na fita baranda na jingina da bango a ƙarƙashin taga, yaron yana barci a bayana. Gilasan tagar a buɗe suke, duk abin da ake faɗa ina ji.

Na ji ƙarar zaninta, na leƙa. Inna ta durƙusa har ƙasa, yadda matan Yarbawa suke gaida manya, ita da ta girmi Mama. Mama ta miƙe da sauri ta kama ta, tana cewa haba, haba, ta zaunar da ita a kujera. Sai Inna ta fara magana da Yarbancin nan nata na bakin ƙofa, wanda muke yi wa dariya. Tana tuntuɓe, tana neman kalma, idan ta rasa ta cike da Hausa. Ta ce laifin nata ne. Ta ce yarinyar ta so a sanar, ita ce ta ce za ta aika, kuma a wurinsu goro shi ne sanarwa, ba ta san na makaranta daban ba ne. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta ga yarinyar nan tana karatu da ciki wata tara, ƙafafu a kumbure a cikin roba da ruwan ɗumi. Ban san ta lura da wannan ba. Ta ce a hukunta ta ita, a bar wa omo mi karatunta. 'Yata ke nan da Yarbanci. Da Hausa ban taɓa ji ta faɗa ba.

Sannan na ji Mama ta jawo baƙin littafin nan, tana buɗe shafuka. Ta karanta da ƙarfi. Rana kaza, wata tsohuwa ta kawo goro da alewa daga Sabo, ta ce wata ɗaliba ta haihu, sunan da ta bayar ba ya cikin rajista. Ta ce ranar kafin jarrabawa ce da kwanaki masu yawa. Ta ce ta bincika rajista aji bayan aji ba ta samu ba, ta kuma yi zargin ni ce, amma ita ba ta rubuta zargi a littafinta. Jiya ma abin da take shirin gaya mini ke nan na hau ta da masifa. Ta ce idan aka cike gurbin nan da sunan gaskiya, za ta ɗauki littafin da kanta ta kai wa shugaban sashe, ta ce ga shaida an sanar a kan lokaci, ko da ba ta hanyar da ta dace ba.

«Mama,» in ji sakatariyar, domin ita ma haka ta kira Inna, «faɗa mini cikakken sunanta.»

Inna ta ce, «Tana waje, a kira ta ta faɗa.»

«Ita na san abin da za ta ce. Ke kika aiko goron, ke za ki gaya mini wa kike nufi. Haka zan rubuta, cewa daga bakin uwarta na ji.»

Mama ba ta san abin da take roƙo ba. A wurin Yarbawa uwa tana kiran ɗanta na fari tun daga ƙarshen layi. Ba ta san cikakken sunan nan ya haɗa abu uku da Inna ba ta taɓa faɗa ba, na 'yarta ta fari, wanda kuma shi ne na uwar mijinta, sannan na mijin kansa a ƙarshe. Na so in shiga in ce a bar shi, karatun ya tafi. Wallahi na so. Amma ban shiga ba, kuma ba zan ɓoye ba, wani gefe na zuciyata yana so ya ji.

Ina jin wani malami yana koyarwa a aji na kusa, ina jin numfashin yaron a wuyana. Sai Inna ta faɗa. Ƙasa-ƙasa, a hankali, ba ta haɗiye ko harafi ɗaya ba, kamar wadda ta daɗe tana faɗinsa a inda ba mai ji. Ta bi shi da sunan Baba.

Mama ta ce ba ta ji sosai ba, a maimaita. Inna ta maimaita, wannan karon da murya sosai.

Na zame na zauna a kan simintin barandar, na toshe bakina da gefen mayafi. Ban taɓa sanin sunana yana da daɗi ba sai ranar. A makaranta kullum ana kiransa, malamai suna lanƙwasa shi yadda suka ga dama, ban taɓa jin komai ba. Dattijon jirgin ƙasa ya zo wucewa ya gan ni ina kuka, ya zaci an tabbatar da korar ne, ya tsaya yana ba ni haƙuri. Na kasa yi masa bayani.

Bayan nan Mama ta kira ni ciki. Ta miƙo mini takarda da biro ta ce in zauna in rubuta wasiƙar da ya kamata in rubuta tun kwana arba'in da suka wuce, in kuma kawo katin asibiti gobe. Na durƙusa na ba ta haƙuri, wannan karon ba wanda ya ce in fita in sake shigowa. Ta ce alkakin ya yi daɗi, ita da 'yan ofis suka cinye, samirar ma tana nan a kan kabad tana jiran mai ita. Inna ba ta dube ni ba, tana ta gyara bakin mayafi.

Ba a gama a ranar ba. Na yi ta zirga-zirga kusan wata guda, shugaban sashe ya yi mini faɗa son ransa, kuma ya yi daidai. A ƙarshe aka mayar da sunana, aka ce in zauna jarrabawar tare da masu maimaitawa. Zango ɗaya ya wuce ni, 'yan ajinmu suka riga ni fita. Mai gidana ya ce tunda bai watse ba, jinkiri ba komai. Tun daga lokacin ba na wuce allon nan ban karanta shi daga sama har ƙasa ba, har sanarwar ɓatan laima.

Ranar da muka je ɗin, a hanyar dawowa samirar tana kan cinyar Inna. Da muka shiga zaure na tsaya na ce, «Inna, ki yafe mini abin da na faɗa jiya.» Ta wuce ni ta shiga tsakar gida, ta cire mayafi ta rataye, ta ce, «Gwaggo, ce mata ta sauke yaron nan ta ci abinci, tun safe ba ta sa komai a cikinta ba.» Shi ke nan. Na koma «ke», na koma «yarinyar nan». Ba ta sake faɗa ba har Allah ya karɓi abarsa, ni ma ban sake nema ba. Ban kuma taɓa gaya mata cewa tagar a buɗe take ba, ko da yake ina jin ta sani.

Ranar da na je karɓar takardar shaidar gamawa, a tsakiyar shekarun casa'in, Mama tana shirin ritaya. Ta miƙo mini takardar, na sa hannu a littafi. Sai ta ce in dakata. Ta jawo durowa ta fito da wata takarda a ninke. Hoton shafin nan ne na baƙin littafi, ta sa an ɗauka mata a inji. Ta ce wata 'yar Sabo ce ta yi mata bayanin al'adarmu daga baya, kuma da ta sani da ba ta sa dattijuwa ta maimaita ba. Na ce ni na gode da ta sa.

Takardar shaidar ta yi mini aiki. Da ita na samu koyarwa, da ita na ƙara karatu daga baya, ta shiga hannun mutane da yawa har gefenta ya tsufa. Ɗaya takardar kuwa tana ƙasan akwatina, a cikin mayafin da Inna ta yafa ranar. Ba na nuna wa yaran da ke zuwa neman shawara. Nakan dai ce musu su rubuta, su kai ofis, su riƙe kwafi. Idan sun tafi wani lokaci in ɗauko in duba. Ga layin goro da alewa. A ƙarƙashinsa ga sunana cikakke, sannan Mama ta ƙara da rubutunta mai kyau cewa mahaifiyar ɗalibar ce ta zo da kanta ta faɗa.